An ce Japanawa sun kama kakana a yaƙin Bama: ta ina zan fara nemansa?

Tambaya: Kakana na wajen uwa ya shiga soja daga ƙasar Zazzau lokacin yaƙin Hitila. Aka tafi da su Bama, wato Myanmar ta yau, bai dawo ba. Kakarmu har ta koma ga Allah tana cewa Japanawa ne suka kama shi. Abin da ya rage a hannunmu hoto ɗaya ne da wata tsohuwar takarda. Akwai hanyar da za a bi a gano inda aka tsare shi da inda ya ƙare?

Amsa: Malama, Allah ya jiƙan kakanki da kakarki, ya sa Aljanna ce makomarsu. Hanya akwai ta, kuma ta fi sauƙi yanzu a kan shekarun baya, tunda takardu da yawa sun hau intanet. Sai dai ina ba ki shawara kada ki fara da jerin sunayen fursunonin yaƙi, ko da yake nan zuciya za ta fara kai ki. Ki fara da gano rundunarsa da lokacin da ya ɓace. Ga dalili.

Yawancin mutanen da Japan ta tsare an kama su ne cikin wata shida na farkon shigarta yaƙin. Hong Kong ta faɗi ranar 25 ga Disamba 1941, Singafo ranar 15 ga Fabrairu 1942, tsibirin Java a watan Maris, sannan sojojin Amurka da na Filifin suka miƙa wuya a Bataan a watan Afrilu. Waɗannan su ne aka yi wa rajista, aka buɗe wa kowa kati, aka rarraba su sansani-sansani. Daga cikinsu ne aka kwashi waɗanda aka tilasta wa gina layin dogon nan mai tsawon kilomita 415 daga Tailan zuwa Thanbyuzayat a Bama, inda fursunoni fiye da 12,000 suka mutu, ban da leburori 'yan Asiya kimanin 90,000 waɗanda akasarinsu ko sunansu ba a rubuta ba. Kotun da ta zauna a Tokyo bayan yaƙi ta ƙiyasta cewa kashi 27 cikin ɗari na Turawan da ke hannun Japan sun mutu a tsare, alhali na hannun Jamus da Italiya kashi 4 ne.

Mutanenmu kuwa a lokacin ba su ma taka Asiya ba. Wasu suna gida, wasu sun dawo daga yaƙin Italiya a Somaliya da Habasha. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma a 1943 aka kafa ta, a shekarar ta isa Indiya, ta shiga kwarin kogin Kaladan a yankin Arakan a farkon 1944. Runduna ta 82 ta bi baya a 1944, ta fara gwabzawa a ƙarshen shekarar, rundunonin biyu suka haɗu suka ƙwace Myohaung a watan Janairu 1945. Akwai kuma birged ta 3, wato bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na sojan Najeriya, wadda aka zare daga runduna ta 81 aka haɗa da mayaƙan Chindit da aka sauke da jiragen sama a bayan layin Japanawa a 1944. Kina zaune a ƙasar Zazzau, kin san barikin Chindit a Zariya, da na Dalet da Kalapanzin a Kaduna. Duk daga can sunayen suka zo.

Wannan bambancin lokaci shi ne gishirin maganar. A 1944 da 1945 sojan Japan a Bama yana cikin matsi, abinci ya yi masa ƙaranci, kuma faɗan na ƙungurmin daji ne, kwanton ɓauna da harin dare, ba rundunar dubbai da ke ajiye makami rana ɗaya ba. Wanda ya faɗa hannunsu a irin wannan hali, sau da yawa ba ya kaiwa inda za a rubuta sunansa. A watan Fabrairu 1944, a wannan yanki na Arakan, sun afka wa wani asibitin sojan Indiya a Sinzweya suka kashe likitoci da majinyata fiye da talatin. Wanda kuwa aka bari da rai, yawanci gidan yarin Rangun, babban birnin Bama a lokacin, ake kai shi, inda aka tara mayaƙan Chindit da matuƙa jiragen sama da aka harbo. A ƙarshen Afrilu 1945 Japanawa suka kwashi kimanin 400 daga masu iya tafiya suka nufi Pegu da su a ƙasa, suka sake su a hanya bayan 'yan kwanaki, sauran kuma aka tarar da su a gidan yarin da aka karɓe birnin a farkon Mayu.

Saboda haka idan iyali suka ce "an kama shi", abin da takardar soja ta ce sau da yawa shi ne "ya ɓace". Ban faɗi haka don in ƙaryata kakarki ba. Abin da aka gaya mata ta riƙe, kuma mai yiwuwa wanda ya kawo labarin abokin tafiyarsa ne da ya ga Japanawa sun rufe inda yake, bai sake ganinsa ba. Amma ɓacewa tana da fuska da yawa. Labarin Isaac Fadoyebo ya isa misali. Yaro ne Bayarabe daga wajen Owo, ma'aikacin jinya a runduna ta 81. A farkon Maris 1944 Japanawa suka buɗe wa ayarinsu wuta a bakin kogin Kaladan, aka harbe shi a ƙafa, aka bar shi a kan ya mutu. Shi da wani ɗan Saliyo, David Kargbo, wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye su a gidansa, suka yi wata tara a yankin da ke hannun abokan gaba kafin a ceto su a Disamba. A duk tsawon lokacin nan ba ya cikin jerin fursunoni, ba ya cikin jerin masu rai. Wasu kuma zazzaɓin cizon sauro ko atuni ya kashe su a hanya, wasu ruwa ya ci su a wajen ƙetare kogi da damina.

To, mu koma kan takardar da ke hannunki, don ita ce jarinki. Ki shimfiɗa ta a wuri mai haske, ki ɗauki hotonta gaba da baya, kada ki manna mata salatif, kada kuma ki kai a like ta da leda mai zafi. Abin da kike nema lamba ce. Sojan Najeriya lambarsa tana farawa da haruffa NA, na Gwalkwas, wato Ghana ta yau, da GC. In takardar ta rabon albashi ce da yake aiko wa iyali ta hannun Di'o ko baitulmalin En'e, ko wasiƙa ce da ya sa aka rubuta masa daga Indiya, da wuya a rasa lambar a jiki, tare da bataliya da kamfani. Ki duba bayan hoton ma. In akwai minda a gidan kada ki sa rai da ita, domin Ingila ba ta buga suna ko lamba a jikin mindodin wannan yaƙi da ta raba ba, har da tauraron Bama.

Na matsa kan lamba ne saboda suna kaɗai yana yaudara. Ranar ɗaukar soja, magatakarda ba ya tambayar sunan uba da na kaka yadda muke yi. Sunan yanka yake rubutawa ya liƙa masa gari ko ƙabila: Musa Kano, Garba Sakkwato, Audu Bauci, irin haka. Mutumin ƙauyen da ke ƙarƙashin Zariya sai ya zama "Zaria" kawai. Wanda ya gudo daga gida ba da yardar iyaye ba kan ba da wani suna dabam. Rubutun kuma yadda kunnen mai rubutu ya ji ne: Garba ya koma Garuba, Audu ya koma Awudu, Mamman ya koma Mama ko Momo, Sakkwato kullum Sokoto. A bataliya ɗaya ana iya samun mutum biyar masu suna ɗaya, lamba ce kaɗai ke raba su. Wannan ya shafi 'yan'uwanmu na Nijar da Chadi da arewacin Kamaru, domin da yawa sun ƙetaro iyaka sun shiga sojan Ingila a Najeriya ko Gwalkwas, aka rubuta su da sunan garin da suka shiga ko ƙabilar da aka ga dama. Kafin ki taɓa kwamfuta, ki zauna da tsofaffin gidan ki rubuta duk sunan da aka san shi da shi, har laƙabi, da garin da aka ɗauke shi, da wanda suka tafi tare. In wani daga cikin abokan tafiyar ya dawo, ki je gidansa. Littafin sallamarsa, in jikoki sun adana, zai nuna miki bataliyar da ake zuba mutanen garinku a wannan shekarar. Ki kuma tambaya ko mai bindiga ne ko ɗan dako, domin runduna ta 81 ta dogara da dubban sojoji masu ɗaukar kaya a ka, kuma su rukuninsu dabam ne a takarda.

Da lamba ko babu, wurin farko a intanet shi ne shafin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila, wadda ake taƙaita sunanta da CWGC. Kyauta ne. Ki zaɓi yaƙin duniya na biyu, ki sa sunan ta kowace siga da na ambata, ki gwada shi a gurbin sunan farko, ki sake gwadawa a gurbin sunan iyali, domin sau da yawa duka sunayen biyu a gurbi ɗaya aka cusa su. Abin da zai fito shi ne muƙami, ko farabiti ne ko kofur ko saje, da lamba, da runduna, da ranar mutuwa, da inda aka binne shi ko aka rubuta sunansa. Wanda ya mutu a Bama ba a ga gawarsa ba, sunansa yana kan ginshiƙan tunawa na Rangun da ke cikin maƙabartar Taukkyan, arewa da birnin. Sunaye kusan 27,000 ne a wurin, kuma 'yan Afirka ta Yamma suna da yawa a ciki. In kuwa kika tarar kabarinsa a maƙabartar yaƙi ta cikin birnin Rangun yake, da ranar mutuwa kafin Mayu 1945, to maganar kakarki ta yi ƙarfi ƙwarai, domin birnin yana hannun Japan a lokacin, kuma can aka mayar da waɗanda suka mutu a gidan yarin.

Ranar mutuwa da sunan bataliya su ne mabuɗin mataki na gaba, wato ma'ajiyar takardun tarihi ta Ingila da ke Kew a Landan. Kowace bataliya tana da littafin da hafsa ke rubuta abin da ya faru kullum: inda aka kwana, inda aka yi arangama, mutum nawa aka rasa. Na fagen Bama suna cikin rukunin da ake kira WO 172. A nan sai kin daure, don abin yana da ciwo. Idan Bature ya mutu za ki ga sunansa da muƙaminsa. Idan namu ne, galibi adadi za ki gani da haruffa uku, AOR, ma'ana ƙananan sojoji 'yan Afirka: biyu sun mutu, huɗu sun ɓace. Mutum ya bar mata da 'ya'ya ya ƙetare teku, a rubuta shi da alƙalami ɗaya kamar ana ƙidayar buhuna. Duk da haka littafin yana da amfani sosai. In CWGC ta ce ya mutu ranar kaza, littafin zai gaya miki ƙauyen da kamfaninsa yake a ranar, da ko kwanton ɓauna aka yi musu, da ko an koma an nemi gawarwaki. Wani lokaci a shafukan da aka liƙa a ƙarshen wata akan ci karo da jerin sunaye da lambobi. Akwai kuma rukunin WO 361, fayilolin binciken waɗanda suka ɓace. Ko da saboda wani hafsa Bature aka buɗe fayil, shaidar waɗanda suka tsira takan bayyana abin da ya sami ayarin gaba ɗaya. Ba sai kin je Landan ba. Kundin sunayen fayilolin yana intanet, ana iya biya a ɗauko hoton shafuka, ko ɗan'uwa da ke karatu a can ya je ya yanki katin shiga, wanda ba a biyan ko kwabo, ya ɗauka da wayarsa.

Yanzu sai takardun fursunoni su kansu. A Kew ɗin dai, rukunin WO 345 katuna ne fiye da 50,000 da Japanawa suka cike da kansu, aka karɓe su bayan yaƙi. WO 392, daga kashi na 23 zuwa na 26, jerin sunayen waɗanda Japan ta tsare ne bisa haruffa. WO 344 kuma takardun tambayoyi ne da waɗanda aka 'yanto suka cike da hannunsu, suna lissafa sansanonin da suka zauna. Kamfanin Findmypast ya ɗora da yawa daga cikin waɗannan a shafinsa, ana biya kafin a buɗe. Ki duba, amma ki sani an gina su ne a kan Turawan da aka kama a 1941 da 1942. Rashin sunan kakanki a ciki ba hujja ba ce cewa ba a kama shi ba.

In Allah ya sa aka dace da kati, ga yadda ake karanta shi. Gaban katin yana da suna, ƙasa, muƙami, runduna, wurin da aka kama mutum da ranar, sunan uba da na uwa, da sana'a. Wani ɓangare da haruffan boko, wani da rubutun Japan. Kwanan wata da lissafin sarautar sarkinsu Hirohito aka yi shi, ana fara wa da shekara, sai wata, sai rana. Ki ƙara 25 a kan lambar shekarar: 17 ita ce 1942, 19 ita ce 1944, 20 ita ce 1945. Saboda haka 19.3.2 tana nufin 2 ga Maris 1944. Jan layi da aka ja a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa yana nufin mutumin ya mutu a tsare. Bayan katin ne ke ɗauke da sauye-sauyen sansani da ciwon da ya kashe shi da yadda aka yi da gawar, duk da Japananci, don haka sai an nemi mai karantawa. A Japan akwai ƙungiyar masu bincike 'yan sa kai da aka kafa a 2002, POW Research Network Japan, waɗanda suka wallafa jerin waɗanda suka mutu a sansanonin cikin ƙasar. Dalilin mutuwar da ke kan kati kuwa a karɓe shi da taka-tsantsan. Wanda ya rubuta shi ne mai tsaron.

Ƙungiyar Red Cross ta duniya a Jeniba ma tana amsa tambaya kan fursunonin wannan yaƙi kyauta, ta fom da take buɗewa a intanet 'yan lokuta a shekara, kuma gurbin yana cika da wuri. Abin da ke hannunta daga ɓangaren Japan bai kai na Jamus ba. Japan ta sa hannu a yarjejeniyar Jeniba ta 1929 kan fursunonin yaƙi amma ba ta tabbatar da ita ba, ta yi ta jan ƙafa wajen miƙa sunaye, kuma da ta miƙa wuya a Agusta 1945 an ƙona takardu masu yawa.

Kada ki raina abin da ke gida. Ɗaukar soja a Arewa ta hannun sarakuna da hakimai aka yi shi, kuma saƙon mutuwa ko ɓacewa ta wannan hanyar yake dawowa, daga Razdan zuwa Di'o zuwa hakimi zuwa dagaci. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna tana riƙe da fayilolin lardunan Arewa, har da na lardin Zariya, kuma a cikinsu ne ake neman wasiƙu kan ɗaukar soja da kuɗin iyalan sojoji da tsofaffin sojoji. Ki tafi da haƙuri, ki yi shirin komawa fiye da sau ɗaya. Gidan Arewa, shi ma a Kaduna, yana da masana da za su nuna miki hanya. Ki nemi tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, domin ta bi labarin yaƙin da Hausa kuma sojoji suna karanta ta. Ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion na jiharku ya cancanci ziyara. Mai nema daga Ghana kuma sai ya nufi ma'ajiyar takardu ta Accra da reshenta na Tamale.

Wata magana da ba kya tambaya ba amma dangi za su tayar da ita: kuɗi. A shekarar 2000 gwamnatin Ingila ta ba da fam 10,000 ga kowane ɗan Ingila tsohon fursunan Japan da ke raye ko matar da ya bari. Ba a yi shi don jikoki ba. Duk wanda ya ce ki ba shi wani abu zai fito muku da diyyar kakanki daga Ingila ko Japan, ki rabu da shi, kada kuma ki ba kowa asalin takardar nan, hotonta ya isa.

In kin bi duk wannan kika samu shaida cewa ya mutu yana soja, amma sunansa bai fito a CWGC ba, to akwai abin yi. Hukumar tana da alhakin duk wanda ya mutu a bakin aiki tsakanin 3 ga Satumba 1939 da 31 ga Disamba 1947, ko harsashi ne ya kashe shi ko ciwo. A 2021 ta fitar da rahoto ta amsa cewa a yaƙin duniya na farko an bar aƙalla mutum 116,000, galibinsu 'yan Afirka, ba tare da an rubuta sunansu ba, ta nemi gafara, kuma tana karɓar hujja daga iyalai kan wanda aka tsallake. Abin da za ki haɗa mata shi ne hoton takardar nan, da lambarsa, da shafin littafin bataliya na ranar da ya ɓace, da duk wata wasiƙa daga Kaduna da ta ambace shi. In hujjar ta tsaya, ana ƙara sunan a rajista kuma a sassaƙa shi a inda ya dace.